Fada ba ya zuwa sai bayan wata biyu: yaya za mu rayu da Jikin Kristi a tsakani?

"Fada, barka da aiki. Ni katikist ne a wani ƙaramin coci a ƙasar Zuru, ta wajen Danko-Wasagu. Tun da 'yan bindiga suka hana hanya lafiya, Fadanmu ba ya samun zuwa sai bayan wata biyu, wani lokaci ma ya wuce haka. Ni nake jan sujada ranar Lahadi. Mutanena suna tambayata dalilin da ya sa ba za a bar mini Jikin Kristi in riƙa ba su ba, wasu kuma sun fara cewa zuwa coci ba tare da Mas ba ɓata lokaci ne. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, waɗanda suke kan gaba wajen karɓa ranar da Fada ya zo, su ne ba sa ga maciji da juna saboda iyakar gona. Ta yaya zan koya musu rayuwa da wannan sakramenti, alhali ba ma samunsa sai jefi-jefi?"

Malam, sannu da ɗawainiya, Allah ya ƙara maka ƙarfi. In na fahimce ka, kana neman sanin abin da za ka yi da jama'ar da ke jin yunwar Jikin Kristi ba su samu, da kuma abin da za ka yi da waɗanda suke samu amma ba a ganin alamarsa a zamansu da mutane. Na daɗe ina aikin ƙauyuka a wannan yankin namu, kuma a ganina matsalar ta biyu ta fi ta farko nauyi, ko da yake ta farko ce ta fi sa mutane magana.

Ka fara da kwantar da hankalinka a kan abu ɗaya. Halin da kuke ciki ba baƙo ba ne ga Ikilisiya a ƙasar nan. A shekarun 1950, lokacin da fadan-fadan Dominikan daga Amurka suka zauna a Gusau, 'yan ƙalilan ne suke kula da faɗin ƙasar da ta zama Dayosis ɗin Sakkwato, wato yanki mai Bishop nasa, a 1964. Mu kuma na ɓangaren Zuru da Yawuri, sai a 1995 aka yanke mana yankin Kontagora, ya zama cikakken dayosis a 2020, ƙarƙashin Bishop Bulus Dauwa Yohanna. A duk tsawon wannan lokacin, ƙauyuka da yawa ba su taɓa sanin Mas na kowace Lahadi ba. Katikist ne ya koya wa kakanninku alamar gicciye, shi ya shirya su baftisma, shi ya tsaya a bakin kabarinsu. Abin da rashin tsaro ya ƙara shi ne tsoro da tazara, da kuma watsewar jama'a zuwa Ribah da Zuru da sauran garuruwa.

Dalilin da ba a bar maka ba

Dokar Ikilisiya ba ta hana wanda ba Fada ba raba Tarayya Mai Tsarki, wato gurasar da aka tsarkake ta zama Jikin Kristi. Inda ake da buƙata, Bishop yana iya ba katikist ko Sista ko wani amintacce izini ya raba abin da Fada ya riga ya tsarkake a Mas. Don haka mutanenka ba su nemi haramun ba. Sai dai izinin na Bishop ne, ba na Fadan farish shi kaɗai ba, balle na kwamitin coci, kuma akwai sharuɗɗan ajiya da ba a wasa da su. Dole a sami tabanakul, wato akwatin da ake ajiye Jikin Kristi, mai ƙarfi da ke kulle, wanda ba a iya ɗauka a tafi da shi, da fitila mai ci a gabansa dare da rana, da mutumin da aka ɗora wa alhakin kula da shi. Doka ta kuma so Fada ya riƙa yin Mas a wurin aƙalla sau biyu a wata gwargwadon iko, ya riƙa sabunta abin da aka ajiye.

To, ka duba cocinku da idon gaskiya. Gurasar alkama ce tsantsa, ba a sa mata komai na hana lalacewa. A watan Agusta, da danshin damina ya kama bangon ƙasa, ba ta kai wata biyu lafiya. Ga gara, ga ɓera. Sannan ga babban abin: ranar da aka ji ƙarar babura kowa ya yi ta kansa, wa zai koma ya buɗe tabanakul? Na san fadan-fadan da, saboda wannan, suke ƙirga masu karɓa tun kafin Mas, su tsarkake daidai su, abin da ya saura su cinye a kan bagade kafin su hau hanya. Ba rowa suke yi ba, kuma ba su raina katikist ba. Ka bayyana wa mutanenka wannan dalla-dalla, domin idan ba a faɗa musu dalili ba, za su ɗauka an mayar da su saniyar ware ne.

Akwai kuma wani haɗari da tsoro ya haifar, wanda dole in faɗa a fili. Na taɓa kama wani saurayi ya karɓa bai ci ba, ya dunƙule a hannu zai sa a aljihu. Da na kira shi gefe bayan Mas, jikinsa na rawa ya ce mini gonarsu tana bakin daji ne, yana so ya ɗinke shi a fata ya rataya ko Allah ya kare shi daga harsashi. Ban tsawata masa a gaban mutane ba, don na ga tsoro ne ya kai shi, ba raini ba. Amma na gaya masa gaskiya: Yesu bai ba da kansa don a mayar da shi laya ba. Cewa ya yi a karɓa a ci. Wanda ke cikin wannan sakramenti shi ne wanda bai kare kansa daga ƙusa da mashi ba, kuma bai yi mana alkawarin ƙarfe ba zai taɓa mu ba. Alkawarinsa shi ne wanda ya ci namansa ya sha jininsa yana da rai madawwami, zai kuma tashe shi a ranar ƙarshe, kamar yadda yake a Yohanna sura 6. Ka koyar da wannan tun kafin wani ya gwada, kuma ranar Mas ka tsaya kusa da Fada ka ga kowa ya ci a gabansa.

Lahadin da babu Fada

Masu cewa ɓata lokaci ne suna da rabin gaskiya, kuma kada ka ƙwace musu ita. Sujadar da kake ja ba Mas ba ce, ba za ta taɓa zama Mas ba. Ka'idar da Roma ta fitar a 1988 game da taron Lahadi inda babu Fada ta nanata haka: mai jagora ba ya zama a kujerar Fada, ba ya karanta addu'ar tsarkakewa, ba ya yin abin da zai sa jama'a su ɗauka Mas ake yi. Na ga inda katikist, don ya faranta wa jama'a, ya ɗauki littafin Fada yana karanta komai yana tsallake kalmomin tsarkakewa kaɗai. Niyyarsa mai kyau ce, amma sannu a hankali yaran wurin suka kasa bambance abu biyun. Gara mutanenka su ji rashin, su riƙa roƙon Allah ya buɗe hanya ya kuma ta da fadan-fada daga cikin 'ya'yansu, da a rufe musu rashin da kwaikwayo.

Mutanen Koriya sun bi ta nan. A 1784 wani ɗan ƙasar ya sami baftisma a Beijin ya dawo gida, Ikilisiya ta kafu ba tare da Fada ko ɗaya ba. Da yunwar sakramenti ta ishe su, suka naɗa wasu daga cikinsu suna yin Mas. Da suka aika tambaya, Bishop na Beijin ya amsa musu a 1790 cewa hakan bai halatta ba. Suka daina nan take, suka ci gaba da taruwa da addu'a da koyarwa har Fada na farko ya iso musu a ƙarshen 1794. Shekara goma ke nan, kuma ya tarar da dubban masu bi.

Inda masu cewa ɓata lokaci ne suka yi kuskure shi ne a cewa taron ba shi da amfani. Dokar Ikilisiya ta ce idan babu yadda za a sami Mas, wajibcin halarta ya faɗi, ba zunubi a kan kowa, amma ta ƙarfafa sosai a taru a ji Maganar Allah, ko a yi addu'a a gida tare da iyali. Kristi yana nan cikin Maganarsa, yana nan kuma inda mutum biyu ko uku suka taru da sunansa. Karatun da kake yi shi ne ake yi a wannan ranar a babban cocin Kontagora da Roma, don haka ka riƙa gaya musu a wane coci Fadanku yake Mas a wannan sa'ar, ku haɗa zuciya da su. Bayan Ubanmu, ka ba da ɗan shiru na gaske, minti biyu ko uku, kowa ya gaya wa Yesu a zuciyarsa cewa ya gaskata yana cikin sakramenti, yana marmarinsa, tun da ba zai iya karɓarsa da baki yau ba ya shigo zuciyarsa. Wannan ita ce tarayya ta ruhu, tsohuwar al'ada ce da tsarkaka irin su Alfonsus suka koyar, kuma duniya duka ta koma gare ta a 2020 lokacin da annobar korona ta rufe coci-coci. Aikinka a waɗannan makonni irin na uwar gida ne da ke rufe garwashi da toka da dare. Ba ita ta ƙirƙiri wutar ba, amma saboda ita ba sai an je neman wuta a maƙwabta da safe ba.

Ranar da ya zo

Tun da zuwan ba ya yawa, kada ya same ku a shirye rabi da rabi. Da ka ji rana, ka sanar da wuri, ka shirya masu furta zunubi tun daren jajibere da binciken zuciya, domin Fada ba zai iya zama har la'asar ba, dole ya koma da sauran rana. Ka tuna musu da azumin sa'a ɗaya kafin karɓa, wanda ruwa da magani ba sa karya shi, tsofaffi da marasa lafiya kuma an ɗauke musu. Kakanninmu daga tsakar dare suke kama baki. Fafaroma Pius na 12 ya rage shi zuwa sa'a uku a 1957, Fafaroma Bulus na 6 ya mayar da shi ɗaya a 1964. Sa'a ɗaya ba wuya, amma goro da burkutu suna cikin abin da ake bari, ka faɗa musu ba kunya.

Za ka lura da wasu da kullum suke zaune a benci na baya ba sa tashi. Yawancinsu ba taurin kai ba ne, aure ne ba a ɗaura a coci ba. Mutum ya gama golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukansa kafin a ba shi mata, ya biya duk abin da al'ada ta ce, sun haifi 'ya'ya huɗu, amma yana jiran ranar da zai iya yanka saniya ya ɗinka anko kafin ya zo gaban bagade. Wannan abin yana yi mini ciwo ƙwarai, domin shekara goma ko ashirin na iya wucewa mace tana waƙa a Zumuntar Mata, tana share coci, ba ta karɓi Ubangijinta ba saboda kuɗin biki. Abin da Ikilisiya ke buƙata shi ne ango da amarya da ba abin da ya hana su aure, da shaidu biyu, da Fada, bayan an yi bincike da koyarwa. Ka bi su gida-gida, ka rubuta sunayensu, ka kai wa Fada, a ɗaura musu tare a rana ɗaya, coci ta dafa abin da ta iya. Cikin duk ayyukan da katikist zai yi don wannan sakramenti, ban san wanda ya kai wannan amfani ba. Batun mai mata biyu kuwa ya fi haka sarƙaƙiya, kuma ba a yanke shi a rubuce daga nesa. Kowane gida da nasa labarin, sai Fada ya zauna da su. Naka dai kada ka bari su ji an kore su daga coci.

Iyakar gona

Yanzu ga abin da ka ce ya fi damunka, kuma ka yi daidai da ya dame ka. Manzo Bulus ya tarar da irinsa a Koranti: suna taruwa don Jibin Ubangiji, amma a rarrabe suke, mai abu ya ƙoshi, marar abu ya tashi da yunwa. Ya ce musu kai tsaye abin da suke ci ba Jibin Ubangiji ba ne, kuma wanda ya ci ba tare da ya gane jikin ba, hukunci yake ci wa kansa. Ka karanta musu 1 Korantiyawa 11 daga aya 17 har ƙarshe, kada ka tsaya a kan ayoyin tsakiya masu daɗin ji. Ubangiji da kansa ya ce a Matiyu 5:23-24, in ka kawo baikonka gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana da kai, ka bar baikon a nan ka je ku shirya tukuna.

Amma ka kula da yadda za ka yi. Ba aikinka ba ne ka tare mutum a layi ka ce kai ba za ka karɓa ba. Ba ka san abin da ya faɗa wa Fada a wajen furta zunubi ba, kuma kunyata dattijo a gaban 'ya'yansa ba ta taɓa kawo sulhu ba. Sannan ba kowace jayayya ce zunubi ba. Mutum yana iya neman haƙƙinsa a gaban mai unguwa ko hakimi bai yi laifi ba. Abin da ke hana karɓa shi ne ƙiyayya: ƙin gaisuwa, hana 'ya'ya shiga gidan juna, fatan sharri, zuwa wurin boka a kan ɗan'uwa. Aikin yana cikin makonnin nan takwas da kake ganin kamar ba komai a cikinsu. Ka je wurin kowannensu shi kaɗai, da yamma bayan an taso daga gona, ka saurare shi har ya gama. Ka nemi dattijan da suka san inda iyakar take tun zamanin iyayensu, ko da ba 'yan cocinku ba ne, domin sau da yawa wani tsoho Musulmi ko mai bin al'ada shi ya san wace bishiya aka shuka a matsayin shaida. Ka sa ranar zuwan Fada ta zama wa'adi: kafin ranar nan, aƙalla ku gaisa. Wani lokaci gonar ba ta rabuwa a wannan shekarar, amma gaisuwa ta dawo, kuma hannun da za su miƙa wa juna a lokacin salama ba zai zama ƙarya ba.

Kada kuma ka tsaya a kan masu faɗa kaɗai. Tun wajen shekara ta 150, Yustin mai shahada ya bayyana yadda Kirista suke taruwa ranar Lahadi a Roma, ya ce bayan an raba gurasar ana kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba, kuma baikon da aka tara ana taimakon marayu da gwauraye da marasa lafiya da fursunoni da baƙi da shi. Tun farko abu ɗaya ne, ba a raba su ba. Yohanna ma, a inda sauran masu Bishara suka kawo labarin gurasa da ƙoƙo, shi wankin ƙafa ya kawo. A ƙauyenku akwai waɗanda suka gudo daga wasu ƙauyuka suna kwana a zauren mutane, akwai matan da aka kashe mazansu, gonarsu ta tsaya ba noma. Ka sa kwano a bakin ƙofar coci kowace Lahadi, kowa ya zuba abin da ya iya na dawa ko masara, kwamiti ya raba a ranar, kuma kada a tambayi mai yunwa addininsa. Ka tara samari su yi gayya a gonar gwauruwa kafin ciyawa ta ci ta. Wannan ba ya jiran Fada, ba ya jiran izinin kowa. Mai awo a kasuwar Ribah da ya karɓi Jikin Kristi, mudunsa ya zama ɗaya ga na gida da baƙo. Mai gidan da ya ce Amin da safe, kada matarsa ta kwana da kuka saboda hannunsa.

Marasa lafiya su ne na fi roƙonka a kansu. Ka riƙe sunayen duk wanda ba ya iya fitowa, ka sa Fada ya fara da su ko ya ƙare da su, komai ƙurewar lokaci. Akwai wata tsohuwa makauniya da nake kai wa. Kafin in iso, jikarta ta share ɗakin ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan kujerar tsugunno, ta kunna kyandir, ta ajiye ruwa a moɗa domin maƙogwaron tsohuwar ya bushe. Maƙwabciyarsu Musulma, da ta gan ni na shigo ban tsaya dogon gaisuwa ba hannuna a ƙirji, sai ta kashe rediyonta ta kwashe yara zuwa waje. Katikist ne ya koya wa gidan wannan shiri, ya kuma yi wa maƙwabta bayani tun da wuri, shi ya sa ba wanda ya ɗauki shiruna a matsayin girman kai. Idan ciwo ya yi tsanani, kada ka jira ranar da aka sa. Ka kira a waya, domin Ikilisiya ta ɗora mana nauyin kai wa mai bakin mutuwa Jikin Kristi, guzurinsa na ƙarshe. In hanya ta hana, ka zauna da shi, ka taimake shi ya yi tuba ta gaskiya da niyyar furtawa in Allah ya ba da dama, ku yi tarayya ta ruhu, ka tabbatar masa jinƙan Allah ba ya tsayawa a shingen 'yan bindiga.

Ko za a ba ka izinin rabawa, wannan ba a hannuna yake ba, kuma ba zan yi maka alkawarin abin da Bishop ne kaɗai zai yanke ba. Abin da za ka iya shi ne ka zauna da Fadan farish ɗinku da bayani a rubuce: yawan masu karɓa, yawan marasa lafiya, yanayin ginin, nisan ku da coci mafi kusa da ke da tabanakul. A wasu wurare abin da ya fi sauƙi shi ne wanda aka ba izini ya halarci Mas na safe a gari, ya ɗauko daidai adadin masu karɓa, ya raba a ranar ba tare da an ajiye komai ba. Wannan ma sai in hanyar tana biyuwa, kuma kada ka sa ranka a haɗari ba da sanin Fada ba. Ka tambaye shi kuma ko za a iya haɗa ƙauyuka biyu ko uku a wuri ɗaya mai ɗan tsaro, a ranar da ba kasuwa ba, domin tazarar ta ragu daga wata biyu zuwa ɗaya.